Salisilik ko TCA: Amsa ga mai fama da tabon ƙuraje

'Yar uwa, tunda kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin pilin (shafa wa fuska sinadarin asid don saman fata ya ɗaye) na salisilik da na TCA, wato asid ɗin trichloroacetic, ki je likitan fata ya yi miki salisilik. TCA ɗin nan ki rabu da shi.

Ni ganau ce ba jiyau ba. Fuskata mai maiƙo ce, duk ƙurjin da ya fito sai ya bar min baƙin tabo. Likitar da ta duba ni ta fara da salisilik mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, daga baya ta ɗaga zuwa 30. Tana shafawa na ji raɗaɗi kamar cizon kiyashi, wani farin gari ya bayyana a kumatuna, bayan 'yan mintuna ta wanke. A kwana na uku gefen hanci da haɓa suka fara ɗayewa siriri-siriri, kafin mako ya zagayo komai ya lafa. Sau biyar na je, mako uku-uku tsakani. Shi salisilik maiƙo ba ya tare shi, yana kutsawa cikin ƙofofin gashi ya kwashe abin da ya toshe su, kuma saman fata kawai yake ɗauka. Bayan zuwa na uku ƙanwata ta riƙo haɓata ta juya ni wajen haske, wai wace hoda na canza. Wallahi ranar na ji daɗi.

TCA kam yana aiki a hannun gwani, don ya fi nitsewa ciki. Amma kwalbar da na saya a intanet ta ƙone min goshi, na kusa shekara ina ɓoye wurin. Fata mai duhu in ta ji rauni ƙara baƙi take yi, tabon da kike gudu shi za ki ninka.

Don Allah ki kiyayi masu tallan kwalaben da ba a rubuta ƙarfinsu ba, masu alkawarin fuska sumul cikin kwana uku. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta yi gargaɗi a 2024 kan amfani da irin waɗannan ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda ƙunar da suke jawowa.

In an yi miki, kada ki ɓantari fatar da hannu, kuma kullum ki shafa man kariya daga rana, mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 zuwa sama. In kina da juna biyu ko kina shafa retinol (man gyaran fata mai sinadarin bitamin A), ki faɗa wa likita tun kafin ya fara.