Baka ko Rataye: Zaɓin da Aka Yi wa Gadar Sidni

Lokacin da hukumomin Nu Sawut Wels a Ostireliya suka nemi zanen gadar da za ta haye tashar ruwan Sidni, cikin zane-zanen da aka kawo har da gadar rataye da gadar baka.

Ta rataye, wadda ake sagale titinta da igiyoyin ƙarfe, ba ta cin ƙarfe da yawa, tana kuma haye tazara mai nisa. Aibinta shi ne lilo, ga shi jirgin ƙasa zai riƙa bi ta kai.

Ta baka kuwa tsayayya ce, nauyinta yana gangarowa ne kan dutsen gaɓa biyu. Wahalarta tana wajen ginin, don baka ba ya tsayuwa da kansa sai ya haɗe, kuma ba halin kafa tokara a ruwan da jirage ke kai-komo. Sai kamfanin Dorman Long na Ingila, wanda aka ba kwangilar gadar baka, ya faro daga kowace gaɓa, aka ɗaure kowane rabi da igiyoyi 128 ta baya, ƙugiya tana rarrafe a kansa tana jera ƙarafuna. Ka ƙiyasta ma'aikaci can sama, ruwa a ƙarƙashinsa, yana cafe jajayen kusoshi daga wuta! Wajen miliyan 6 aka buga. Aka riƙa sassauta igiyoyin a hankali har ɓangarorin suka haɗu ran 19 ga Agustan 1930.

A ganina babban injiniyan aikin, John Bradfield, ya yi daidai da ya goyi bayan baka. Tazarar bakan mita 503 ce, kuma tun buɗe gadar a 1932 jiragen ƙasa ke bi ta kai har yau.