Ayaba, wake ko ƙwayar kemis: ina ya kamata kuɗin potasiyum su tafi?

Duk wanda likita ya ce masa ya rage gishiri ya ƙara potasiyum (wani sinadari da jiki ke samu daga abinci) saboda hawan jini, wajen mai ayaba yake fara tsayawa. Ba laifi, amma a yi lissafi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla miligiram 3,510 a rana, ita kuwa ayaba matsakaiciya kusan 420 ke cikinta. Sai ka ci fiye da takwas kullum ke nan, ga tsada a Arewa tunda yawancinta daga Kudu ake kawowa, ga saurin lalacewa.

A ganina wake ya fi komai riba. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da fiye da miligiram 1,000, kuma mudu ɗaya zai daɗe a ajiye in an kare shi daga ƙwari. Sai dai dahuwa na da muhimmanci, domin potasiyum na narkewa a ruwa. Wanda ya tafasa wake ya tsiyaye ruwan ya zubar, ya zubar da wani kaso na abin da ya saya. Faten wake da alale sun fi riƙe shi. In kuwa shinkafa da wake ake so, a bar waken ya rinjaya, don farar shinkafa kusan ba ta da komai ta wannan fannin.

Doya ce ke biye, wajen miligiram 800 a giram 100 kafin a dafa, in aljihu zai ɗauka. Dankalin turawa na Jos yana da kusan 420, dankalin Hausa wajen 340, kuma shi ya fi araha da kaka. A yi fate ko a gasa. Alayyafo, wanda da damina ake samunsa da ɗan kuɗi kaɗan, ya kai 600, amma a daina tafasa shi ana matse ruwan kafin a zuba a miya. Gyaɗa da dabino ma suna da yawa, sai dai mai ciwon suga ya yi hattara da dabinon.

Kada a dogara da kanwa. Mutane da dama na zaton tana ba da potasiyum, alhali mafi yawanta sodiyum ne, wato sinadarin cikin gishiri da mai hawan jini ke gudu.

Ƙwayoyin da ake sayarwa a kemis ba tare da takardar likita ba, yawancinsu miligiram 99 kacal ke cikin kowace ɗaya. Ludayin faten wake ya fi su. Ban ga dalilin sayensu ba sai in likita ne ya rubuta, misali ga mai shan irin maganin sa fitsari da ke fitar da potasiyum daga jiki.

Gishirin da aka gauraya da potasiyum ya fi cancanta a duba. A wani babban bincike a ƙauyukan Sin da aka fitar a 2021, wanda ya haɗa mutane kusan 21,000, masu amfani da shi sun sami raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Ya fi gishirin kasuwa tsada, kuma sai a manyan kantuna. A karanta jikin kwalin, a tabbatar akwai aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, a ciki.

Wannan gishirin da ƙwayoyin haɗari ne ga mai ciwon ƙoda, da mai shan magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone. Potasiyum na iya taruwa a jininsa har ya rikita bugun zuciya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Irin wannan mutum ya fara yin gwajin jini, likitansa ya faɗa masa gwargwadon abin da zai ci, har da waken da doyar.