Wata shida da sa wa folda kwaɗo da .htpasswd

Akwai wata folda a shafin intanet ɗin da nake kula da shi, inda mu biyar muke zuba takardun aiki. Hankalina bai taɓa kwanciya da ita ba, domin duk wanda ya san adireshinta zai rubuta a burauza ya tarar da komai a buɗe. Shi ya sa na sa mata kwaɗo irin na Apache, manhajar sabar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, da fayil ɗin .htaccess mai ɗauke da umarni ga sabar, da abokin tafiyarsa .htpasswd mai ɗauke da sunaye da kalmomin sirri.

Haɗawar ba ta ci mini minti goma ba. Layi huɗu ne kacal a cikin .htaccess: AuthType Basic, AuthName, AuthUserFile, sai Require valid-user. Mai amfani da cPanel, wato allon sarrafa shafi da kamfanonin ajiye shafuka ke bayarwa, ma ba sai ya rubuta komai ba, sashen Directory Privacy zai yi masa. Abin da ya fi burge ni shi ne sabar ce da kanta ke gadi. Ko hoto ne ko PDF, ko wata ƙaramar folda a ciki, ba ta miƙa komai sai an ba ta suna da kalmar sirri, in ba haka ba ta mayar da 401, lambar da ke nufin ba a ba ka izinin shiga ba.

Sau ɗaya na sha wuya. Da zan ƙara mutum na biyar, na sake sa -c a umarnin htpasswd da ake sa sunaye a fayil ɗin .htpasswd da shi, alhali wannan harafin sabon fayil yake buɗewa ya shafe tsohon. Nan take sunaye huɗu suka ɓace, waya ta dinga ƙara. Sau ɗaya tak ake sa -c, ranar farko. Ita kuwa -B kullum nake sa ta, don a adana kalmomin sirrin da bcrypt, tsarin da ke rikiɗa su yadda ba za a iya karanta su ba, fayil ɗin .htpasswd kuma na ajiye shi a waje da public_html, foldar da masu ziyara ke iya kaiwa gare ta.

Inda nake jan kunnen kowa shi ne HTTPS, wato tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin burauza da sabar. Shi wannan kwaɗon ba ya ɓoye kalmar sirri a hanya, wani salon rubutu mai suna Base64 kawai yake mayar da ita, kuma warware Base64 ba ya buƙatar wani makulli. In shafinka ba shi da HTTPS, kada ma ka fara.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu maɓallin fita. Burauza tana riƙe bayanan shiga har sai an rufe ta gaba ɗaya. Wata rana abokiyar aikina ta tashi daga kwamfutar da ake rabawa, wanda ya zauna bayanta ya buɗe foldar ba tare da an tambaye shi komai ba. Haka kuma in mutum ya manta kalmarsa, ni zai nema, ba shi da hanyar sauya ta da kansa.

Ga mutum biyar ko goma, ya wadatar, kuma zan ci gaba da shi. Kowa dai da nasa sunan na ba shi. Da ɗayanmu ya bar aikin a watan jiya, htpasswd -D na rubuta na cire shi, sauran huɗun ko labari ba su ji ba.