Murhun banda a bayan gida: durom, bulon siminti ko jan bulo?

Naman layya ne ya jefa ni cikin harkar nan. Wata Babbar Sallah muka yanka rago biyu, ga kasonmu na san da muka yi haɗin gwiwa a unguwa, sai wuta ta ɗauke kwana huɗu cur, firiza ta koma akwatin ajiya. Uwargida ta soya abin da za ta iya har man gyaɗa ya ƙare, ragowar muka rarraba don dole. Hajiyarmu tana zaune kan tabarma tana kallonmu ta ce, "Ku dai kun sangarta da firiza. Mu a da kyafe shi muke yi, ya kai mu har Cika-ciki." Daga ranar na ƙudurta sai na yi murhun banda a bayan gida. Sau uku na gina kafin na samu wanda ya tsaya, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Kafin ka sayi komai, ka raba gashi da banda a ranka. Mai tsire wuta yake so kusa da nama, minti kaɗan an gama. Banda kuwa zafi kaɗan ne da hayaƙi na awoyi, tsakanin digiri 105 zuwa 120 a ma'aunin Selsiyos idan nama mai kauri kake son ya nuna ya yi laushi. Idan na ajiya ne, sai a yanka shi falle-falle, a sa gishiri, a ƙara rage wutar har ya bushe ƙayau. Murhun da ya dace da wannan aiki shi ne wanda yake riƙe zafi ba tare da ka tsaya kansa kana fifita ba. Da wannan ma'aunin nake auna duk abin da zan ambata.

Durom mai lita 200 shi ne abin da kowa yake fara kawo maka shawara. Yana da araha, mai walda zai yanka maka shi a yini ɗaya, kana iya ɗauke shi idan haya kake. Amma ƙarfensa siriri ne, iskar hunturu na bugawa zafi ya gudu, damina biyu gindinsa ya ruɓe. Babbar matsalarsa ita ce ba ka san abin da ya ɗauko ba. Mai sayarwa zai rantse maka na man girki ne, alhali wataƙila maganin ƙwari ne ko sinadarin fenti, kuma wanki da omo ba ya fitar da wannan. Murhunan banda da ake shigowa da su daga waje masu ƙafa da taya kuwa, kyan ɗan maciji ne: kuɗin ɗaya zai gina maka na bulo biyu, kuma cinyar bijimi ɗaya ta cika shi.

Bulon siminti shi ne ya fara ƙona ni. Ina da ragowar bulo mai inci 6 daga ginin katanga, na ce me zai sa in kashe kuɗi. Birkila ya jera shi da siminti, ya yi filasta sumul, har maƙwabta suna leƙowa suna yabawa. Wuta ta uku muna zaune sai muka ji tas! kamar an harba bindigar toka. Wani ɓalli ya fashe daga ciki ya watsa yashi kan kaji shida da ke kan raga, tsaga kuma ta tashi daga bakin wuta har sama. Dalilin a bayyane yake: siminti yana fara rasa ƙarfinsa tun daga wajen digiri 300, garwashin itace kuma ya wuce 600, ga danshin da ke cikin bulon yana zama tururi yana neman hanyar fita. Idan kana da bulon siminti, yi dakalin ajiye tire da itace da shi. Inda wuta za ta taɓa, kada ya kusanci wurin.

Murhun laka ba na raina shi. Masu bandar kifi a Baga da sauran bakin Tafkin Chadi sun daɗe suna aiki da na ƙasa, kuma wanda ya fi shahara a Afirka ta Yamma, wato murhun Chorkor, an ƙirƙiro shi ne a 1969 a wata unguwar masunta ta Accra, da haɗin gwiwar matan wurin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da cibiyar binciken abinci ta Ghana. Gini ne mai kusurwa huɗu, a jera tire masu raga a kansa ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi yana ratsa su duka, itace kaɗan ya yi aiki mai yawa. Idan kifi ne sana'arka kuma kana da rumfa, shi zan ce ka yi. Ga magidancin da zai hura wuta sau biyu a wata kuwa, yaɓe ne kullum bayan damina.

Yanzu ga wanda zuciyata ta kwanta da shi: ƙonannen jan bulo, a jera shi da laka. Wannan ƙasa ce da ta riga ta sha wutar da ta fi wadda za ka hura mata, don haka ba abin da zai ba ta mamaki. Yana jinkirin ɗaukar zafi, sai ka yi kusan awa guda kana jira, amma da ya ɗauka shi ke nan. Nawa idan na hura bayan La'asar, na sa nama da Magariba, guntun itace biyu nake ƙarawa bayan Isha'i in je in kwanta, da Asuba in taɓa bangon in ji shi da ɗumi. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, kufan fadojin Borno na Birnin Ngazargamu da Gambaru da ƙonannen bulo aka gina su, kuma har yau ana ganin ɓurɓushinsa. Su ma Amurkawan da muke kallo a YouTube, tsofaffin gidajen gashinsu irin Kreuz Market na garin Lockhart a jihar Texas, wanda aka buɗe a 1900, murhun bulo suke amfani da shi, wuta a gefe ɗaya, hayaƙi yana bi ta kan nama ya fita ta ɗaya gefen.

Nawa tsayayye ne: faɗi mita ɗaya, zurfi santimita 90, tsawo mita 1.2, ya ci bulo ƙanana wajen 280. Daɓen kankare ne a ƙasa don kada ya nutse, sannan na shimfiɗa bulo a kansa don kada garwashi ya zauna kan siminti. Tsakanin garwashi da ragar farko na bar santimita 65, raga ta biyu da ta uku kowace tazarar taƙi ɗaya. Ƙaramar ƙofar ƙarfe a ƙasa ta itace da iska, babba a sama ta nama, sai bututun hayaƙi mai murfin da ake ja. Tsakanin wuta da nama akwai farantin ƙarfe mai tare kitse, domin kitsen da ke ɗiga cikin wuta shi ke tayar da baƙin hayaƙin nan mai sa ɗaci, kuma ba shi da kyau ga lafiya. Kwaɓin kuwa laka kashi ɗaya, yashi mai laushi kashi biyu zuwa uku, a yi shi siriri tsakanin bulo. Sama da komai akwai 'yar rumfar kwano, don ruwan sama shi ne abokin gabar laka.

Kan birkila, nemi wanda ya taɓa gina murhun gidan burodi. Na gama-gari zai yi ta maka gardama sai an sa siminti. Dattijon da ya yi mini nawa da na ce ko a ɗan barbaɗa siminti a kwaɓin don ƙarfi, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Alhaji, matan da ke gasa gurasa a tanderu a Jakara, ka taɓa ganin sun sa siminti?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce, "To miƙo min ruwa."

Sai dai jan bulo shi ne inda ake yi wa mutane yankan aljihu, kuma nan ne na sha kashi na biyu. Na je wajen masu ƙona bulo, aka nuna mini samfuri ja wur, mai nauyi, na biya, na koma wajen aiki na bar yaro ya karɓi kaya. Na saman motar da na gefe masu kyau ne. Na tsakiya kuwa ɗanyu ne, wuta ta lashe bayansu kawai. Ba mu gane ba sai da ruwan Agusta ya sauka kwana biyu a jere, na fito da safe na tarar da jan ruwa yana gangarowa zuwa makwarara, kusurwa ɗaya ta zauna kamar tuwon da ya kwana. An yi gudun gara an tadda zago.

Abin da ke faruwa shi ne, idan aka tara bulo aka cinna masa wuta, ba duka ke nuna daidai ba. Na kusa da bakin wuta yakan ƙone ya yi baƙi har ya lanƙwashe, na can gefe da na sama wuta ba ta kai masa sosai, na tsakiya shi ne na kirki. Mai gaskiya yana ware su kashi uku kowane da kuɗinsa. Marar tsoron Allah yana cakuɗa su ya sayar maka a farashin na kirki. Akwai ma waɗanda ke buga bulo da jar ƙasa da ɗan siminti a inji, su shanya, su ce maka ƙonanne ne. Wannan yana da amfaninsa a ginin ɗaki, amma bai taɓa ganin wuta ba, kuma ranar da ya gan ta za ka ji labari. Wani kuma jar hodar da ake zuba wa daɓe yake kwaɓawa ya shafe bulon da ita.

Don haka ga abin da nake yi yanzu, ko mai bulo ya ɓata rai. Ina ɗaukar guda biyu daga tsakiyar tarin, ba wanda ya miƙo mini ba, in gwara su. Mai kyau ƙara yake kamar ka buga tangaran, ɗanye kuwa wani dum-dum yake yi kamar ka buga ƙofar katako. Ina fasa ɗaya gida biyu in duba cikinsa, launin ya zama ɗaya daga baya har tsakiya, idan na ga zuciyarsa launin ƙasa ce na ajiye. Ina karta shi da ƙusa, idan ya yi gari ba na so. Ina sakinsa daga daidai ƙugu a kan busasshiyar ƙasa, na kirki ba ya wargajewa. Sannan in tafi da guda uku gida in jiƙa su a bokiti kwana ɗaya. Ruwan ya yi ja ko gefen bulon ya yi laushi, ciniki ya mutu. Kuma ranar lodi da ƙafata nake zuwa, ina tsaye ake ɗorawa, ina tsaye ake saukewa, rabin kuɗi sai kaya sun sauka. Zai ce maka, "Haba Yallaɓai, ba ka yarda da ni ba ne?" Ka ce ka yarda, ka ci gaba da gwarawa.

Za a kuma yi maka tallan bulon wuta na musamman, wanda ake sa wa a murhun masana'antu. Na gaske launinsa fari-fari ne mai ɗan rawaya, tsawonsa inci 9 faɗinsa 4 da rabi, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, yana da nauyi fiye da girmansa, kuma yana jure zafin da ya wuce digiri 1,200. Murhun banda ba ya kai ko kusa da nan. Idan aljihu ya yarda, sayi ashirin ko talatin ka shimfiɗa a inda garwashi ke zama, ya wadatar. Ka dai kula, kowane bulo mai haske yanzu sunansa bulon wuta a bakin ɗan kasuwa, har da wanda bai gama ƙonewa ba.

Ragar ɗora nama ma akwai tarko. Kada ka yarda da wayar nan mai farin shafi ta kejin kaji, shafin tutiya ne, idan ya ji wuta hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai. Ragar tsohon firiji ita ma shafe take da abin da ba a yi shi don wuta ba. Sa mai walda ya jera maka siraran rodi marasa fenti a kan firam ɗin ƙarfe, ka kankare tsatsar, ka shafe da man gyaɗa ka ƙona sau ɗaya kafin nama ya hau.

Itace kuma, marke da ƙirya su ne sarakai, garwashinsu yana daɗewa. Busasshen mangwaro yana ba da ƙanshi mai daɗi ga kaza. Darbejiya ɗaci, itacen turare sai naman ya yi warin magani, guntayen katakon kafinta masu fenti da gam kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Masu itace su ma suna cusa ɗanye a tsakiyar ɗauri, ɗaga ka ji nauyinsa.

Yi ginin da rani. Idan an gama, rufe shi da buhu ya bushe a hankali na kwana goma ko mako biyu, musamman da hunturu da iska ke tsaga laka. Bayan nan ƙaramar wuta ta kara da ƙirare awa ɗaya a rana ta farko, ka ƙara kaɗan washegari, haka har kwana huɗu ko biyar. Za ka ga tururi yana fita daga jikin bango, wannan ruwan da ya rage ne. Ranar da ya daina fita, sayo kaji biyu ka gwada da su, kuma ka fara tun wata guda kafin Sallah, kada ragon layya ya zama abin gwaji.