Yadda dillalin Sabon Gari ya sayar min da ukulele

Wata biyu na yi ina tallar ukulele tawa, wani kayan kiɗa mai kama da ƙaramar jita, da kaina kafin na haƙura na nemi dillali. Na sa hotunanta a Facebook da rukunonin WhatsApp, masu tayi suka yi ta ɓullowa, amma duk tayin raini. Wani ya ce ai jitar yara ce, zai ba ni dubu goma sha biyar ya kai wa ɗansa. Wani kuma ya tambaye ni ko tsirkiya biyu sun tsinke ne, don shi jitar da ya sani shida gare ta.

Ban ga laifinsu sosai ba, don a Zariya mutum nawa ne ya taɓa riƙe ta? Tsirkiya huɗu gare ta tun asali. A tsibiran Hawai ta samo sunanta, bayan mutanen tsibirin Madera na ƙasar Fotugal sun isa can a 1879 don aikin gonar rake, ɗauke da ƙananan jitocinsu na gida. Girma huɗu aka fi sani: sofrano, konsat, teno da bariton. Tawa teno ce, tsawonta wajen inci 26, muryarta ta fi ta sofrano kauri da cika ɗaki. Na saye ta ne a hannun wani abokin aiki da ya dawo da ita daga karatu a Amurka. Ba ta kamfani ba ce, mutum ɗaya ne ya zauna ya sassaƙa ta da icen mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, kuma tsantsar katako ne, ba falle-fallen da ake mannawa da gam ba. Shekara shida tana wurina. Kuɗin haya ne ya raba mu.

Dillalin da aka haɗa ni da shi wani Alhaji ne, dattijo mai ɗan shago a Sabon Gari, inda yake ajiye lasifikoki, fiyano na lantarki da jitoci na hannu. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ya karɓi kayan. Ya fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, ya bi bayanta da babban yatsa a hankali, sai ya tsaya cak.

"Malam, wannan fa?"

Wata 'yar siririyar tsaga ce da hunturun shekara uku da suka wuce ya yi mata, an liƙe ta har ido ba ya gani sai an karkata ta. Gaskiya ban yi niyyar ɓoyewa ba, amma ban yi niyyar fara faɗa ba kuma. Ya ce shi ba ya sayar da kaya da aibi a rufe, duk wanda ya zo zai nuna masa. Muka yanke la'ada tun a nan, kashi goma cikin ɗari, ya rubuta a littafinsa tare da mafi ƙarancin kuɗin da zan sallama, ya yago min takarda da sa hannunsa. Wannan ya kwantar min da hankali.

Inda muka saɓa shi ne wajen ajiya. Bayan kwana biyar na biya ta shagon, sai na tarar ya fitar da ita daga akwatinta ya rataye a ƙusa daf da ƙofa, a tsakiyar Janairu, ƙura ta yi mata fari fat. Duk wanda ya san hunturun Zariya ya san yadda yake tsage leɓe da diddige, to haka yake yi wa tsantsar katako. Masu ƙera irin waɗannan kaya suna so a ajiye su inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a wannan lokaci iskarmu ta bushe ƙayau. Shi ya sa nake sa jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji, in jefa a akwatin. Da na yi masa bayani, dariya ya yi.

"Malam, kaya kuma har da ba shi ruwa kamar tunkiya?"

Ya dai mayar da ita akwati, amma kafin nan ɓarna ta riga ta faru. Yaran da ke shiga shagon sun yi ta murɗa kunnuwanta har tsirkiya ɗaya ta tsinke. Ana ɗaure tsirkiyoyin ukulele ne a kan muryoyin da mawaƙa ke kira G, C, E da A, ni kuma na sa mata G mai kaurin murya, ba siririyar da aka saba ba, kuma ita ce ta tafi. Na zaga Sabon Gari da PZ ban samu ba, sai daga Legas na yi odar saiti guda, na jira kwana tara. Da na ce a raba kuɗin, Alhaji ya ce tsirkiya ai dama mai tsinkewa ce. Na yi shiru, amma har yau ina ganin bai kyauta ba.

Sai dai wajen nemo mai saye, a nan ya nuna min shekarun da ya yi a kasuwa. Bai san tarihin abin ba, bai ma iya faɗin sunanta daidai, "ƙaramar jitar Malam" yake cewa. Amma ya san wanda zai kira. Ya buga wa masu kiɗa a coci-coci, da masu situdiyo, da wasu ɗalibai a Samaru. A mako na uku ya kira ni in zo.

Wani matashi ne daga Wusasa. Ina ganin yadda ya ɗauke ta na san an zo wurin. Ya kunna tocilan wayarsa ya leƙa ta ramin cikinta, ya ga takardar da masassaƙin ya sa wa hannu da shekarar da ya gama ta. Ya ƙwanƙwasa fuskarta da ɗan yatsa yana saurare. Ya danna kowace tsirkiya a gaɓa ta 12 don ya ji ko wuyan bai karkace ba. Alhaji da kansa ya juya ta ya nuna masa tsagar, kamar yadda ya yi alkawari. Yaron ya kaɗa ta kamar minti biyu, har mai shayin da ke gefe ya leƙo.

Ya taya dubu ɗari da ashirin. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce albarka, ya ɗauko akwati kamar zai rufe. Da ni kaɗai ne, wallahi da haya a wuyana, da na sallama a ɗari da arba'in. Shi kuwa ya yi ta jan zance, ya tura a kawo wa yaron ruwa, ya tambaye shi mutanen gida, har ciniki ya faɗa a dubu ɗari da saba'in da biyar. Kuɗina sun shigo asusu kafin magariba, ya cire la'adarsa daidai yadda muka rubuta, ko naira bai ƙara ba.

Wanda ke da kayan kiɗa mai daraja zai iya zuwa wurin Alhaji, amma ya riƙe kayan a gida, ya bar masa hotuna, sai mai saye ya zo a kawo. Ni da na sani da haka na yi.

Bayan kwana biyu yaron Wusasa ya kira ni, ya ce ya ga robar sabulu a akwati, ko mantuwa na yi ya kawo min. Na ce a'a, ya riƙa jiƙa soson duk bayan kwana uku har ruwan farko ya sauka.