Merseyflow: gadar da ba ta da shinge amma tana da tara

Duk wanda ya saba da hanyar da ake tsayar da shi a shinge ya miƙa kuɗi a ba shi rasit, gadar Mersey Gateway za ta iya shammatarsa. Gadar tana kan kogin Mersey a arewa maso yammacin Ingila, ta haɗa garin Runcorn da na Widnes, kuma a watan Oktoba na 2017 aka buɗe ta ga motoci. Babu rumfar karɓar kuɗi, babu sandar da ke ɗagawa, babu ma'aikacin da zai ɗaga wa mutum hannu. Direba zai wuce a guje ta ƙarƙashin wani ƙarfe da aka gitta a saman titi, kyamarorin da ke jikinsa su ɗauki lambar motar, daga nan kuma bashi ya hau kansa, ko ya sani ko bai sani ba. Merseyflow ce ke karɓar wannan kuɗin fito, ita ke yi wa mutane rajista, ita ke aika takardar tara, duk a madadin ƙaramar hukumar Halton, wadda garuruwan biyu ke ƙarƙashinta.

Ta fuskar biyan kuɗi, hidimar ba ta da wahala ga wanda ya shirya. Ƙaramar mota fam 2 take biya a kowace tsallakawa tun daga farko, har zuwa watan Afrilu na 2025 da aka mayar da kuɗin fam 2.40. Ana biya ta intanet, ko ta waya, ko a shagunan da ke da na'urar Payzone. Wanda ya buɗe asusu ya zuba kuɗi a ciki yana samun ɗan rangwame, kuma ba ruwansa da tunawa, domin na'ura ce ke cirewa da kanta. Tsohuwar gadar Silver Jubilee, wadda take nan tun 1961 ana bin ta kyauta, ita ma an sa mata kuɗi ɗaya da sabuwar, saboda haka mai mota ba shi da wata hanyar kaucewa a tsakanin garuruwan biyu, sai dai ya yi dogon zagaye.

Inda tsarin ya cancanci yabo shi ne batun waɗanda aka ɗauke wa biya. Masu babur ba sa biyan komai. Mazauna Halton da gidajensu ke rukunin A zuwa F na harajin gida suna biyan ɗan kuɗin rajista ne kawai a shekara, wanda da fam 10 aka fara shi, sannan su tsallaka iya son ransu a tafiye-tafiyensu na ƙashin kai. Wannan adalci ne, domin kogin ya raba ƙaramar hukumar gida biyu, kuma bai dace a ce mutum ya biya kafin ya kai ɗansa makaranta ko ya je duba mahaifiyarsa a ƙetare ba. Naƙasassu masu riƙe da shuɗin kati, wato katin da hukuma ke ba su don sauƙin ajiye mota, su ma suna tsallakawa kyauta.

Sai dai akwai sharaɗin da ke kama mutane da yawa, wato sassaucin ba ya zuwa da kansa. Kyamara ba ta ganin shuɗin katin da aka ajiye a gaban gilashi, ba ta kuma san unguwar da mutum yake kwana ba. Lambar mota kaɗai ta sani. Wanda bai yi rajistar motarsa da takardun shaida ba, ko ya sauya mota bai sanar ba, ko ya bar wa'adin shekararsa ya wuce bai sabunta ba, a wajen na'urar daidai yake da baƙon da ya ƙi biya. Haka kuma mazaunin Warrington ko Liverpool da aikinsa ke tsallaken kogin ba ya cikin wannan rabo, duk da cewa wataƙila ya fi ɗan gari yawan bin gadar.

A ganina, babban raunin hidimar yana ga wa'adin biya. Ana ba mutum zuwa ƙarfe 11.59 na daren washegarin ranar da ya tsallaka. Ga wanda ya kwaso doguwar tafiya cikin dare, ya karanta allon sanarwa a guje yana kuma neman layin da zai bi, wannan lokaci ya yi kaɗan. Idan ya wuce, takardar tara za ta iso gidan wanda sunansa ke kan takardun motar. A shekarun farko tarar fam 40 ce, tana komawa fam 20 idan aka biya cikin kwana 14, tana hawa fam 60 idan aka yi biris da ita; a 2025 an ɗaga ta zuwa fam 50. Kuskure ƙarami ya isa ya jawo ta, kamar a rubuta harafin O a gurbin sifiri wajen shigar da lambar mota, kuɗi ya fita daga aljihu amma ya sauka kan motar da ba ta tsallaka ba. Mai motar haya kuwa abin ya fi yi masa nauyi, tunda takardar kamfanin haya take fara zuwa, kuma sau da yawa kamfanin yakan ɗora nasa kuɗin ɗawainiya.

Hanyar ƙorafi matakai biyu ce. Da farko mutum zai rubuta wa Merseyflow cikin kwana 28, ya haɗa da hujjarsa, misali rasitin biya ko shaidar cewa ya riga ya sayar da motar. Idan aka ƙi amincewa, yana da wasu kwana 28 ya ɗaukaka ƙara gaban Traffic Penalty Tribunal, zauren lauyoyi masu zaman kansu da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki a Ingila (ban da London) da Wales. Ba a biyan ko sisi, kuma ta intanet ake shigar da ƙarar. Wannan zaure ba na jeka-na-yi-ka ba ne: a 2018 ya samu cewa dokar da ƙaramar hukumar ta kafa kuɗin fiton a kanta ba ta fayyace ainihin adadin da za a biya ba, wasu direbobi suka yi nasara, hukumar kuma ta fitar da sabuwar doka a wannan shekarar.

Abin da ke sa mutane shakka shi ne lissafi. Rabin tara a hannu ya fi sauƙi a kan zaman rubuta bayani da jiran hukunci, shi ya sa wasu masu gaskiya suke biya su huta, alhali biyan yakan rufe ƙofar ƙara. Wanda kuwa ya jefa takardar a aljihun tebur, bai biya ba bai kuma yi ƙorafi ba, za a yi rajistar bashin a kotun da ke Northampton, daga nan a miƙa shi ga jami'an karɓo bashi, waɗanda su ma sukan ƙara nasu kuɗin kafin su ƙwanƙwasa ƙofa.