Dutsen lava na murhun gashi: na leda, na buhu, ko tangaran?

Ɗan uwa, ka ce dutsen da ke cikin murhun gashinka na gas duk ya marmashe, kana neman inda za ka samu wani da sauƙin kuɗi. Toh abin da masu sayarwa ba za su gaya maka ba shi ne, wanda ake ƙullawa a ƙaramar leda a shagon kayan gashi da wanda masu fulawa da tukwanen shuka ke zubawa a buhu don ƙawata gida, asalinsu ɗaya. Narkakken dutse ne da dutse mai aman wuta ya amayar, zafinsa ya haura digiri 1,000, ya huce da iska maƙale a cikinsa, shi ya sa kake ganinsa duk huda-huda kamar soso kuma ba shi da nauyi. Jan da baƙin ma duk ɗaya ne a wajen aiki, tsatsar ƙarfen da ke jikinsa ce ta rina jan.

Na leda, kuɗin tacewa kake biya. An zaɓo masu girma ɗaya, ƙura kaɗan, ledar yawanci kilo 3 ce ko kusa da haka, ka farke ka jera shi ke nan.

Na buhu shi ne mai arha idan ka lissafa kilo da kilo, amma fa aikin ya dawo kanka. Za ka tarar da manya da ƙanana da gari duk a cakuɗe, sai ka zauna ka tsince masu santimita 3 zuwa 5, don ƙananan zurarewa suke ta ragar da ake jera dutsen a kai su je su toshe ramukan da wuta ke fita. Ka duba jikin buhun ka tabbatar ba a yi masa rini ko feshin komai ba. Sannan ka wanke, ka shanya sosai, kwana biyu uku a rana ba asara ba ce, domin buhunan nan a waje ake jibge su ruwa na dukansu, kuma dutsen yana shan ruwa har cikinsa ko da bayansa ya bushe. Ni na taɓa yin garaje na jera shi da ɗan danshi na buɗe wuta gaba ɗaya, ba a yi minti goma ba na ji tas kamar an harba danƙo, wani ɓalli ya daki murfin. Tururi ne ya rasa hanyar fita. Tun ranar da ƙaramar wuta nake farawa, murfi a rufe, ba komai a kan raga. Dutsen rafi mai sulɓi kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka kusanta da wuta, fashewarsa ta fi wannan muni.

Duk wanda ka ɗauka a cikin biyun ciwonsu ɗaya, maiƙo. Hujojin nan suna tsotse kitsen da ke ɗiga, sannu a hankali su cika, daga nan wuta ta riƙa tashi bal-bal tana babbake maka nama ga ƙauri. Juya su da ƙone maiƙon yana ɗan ja musu kwana, amma shekara ɗaya zuwa biyu dole ka sake. Kuma jeri ɗaya ake yi, ba a tula shi, sai ya hana zafi hawa.

A nan ne ƙananan bulo na tangaran suka sha gabansu. Sun fi tsada ranar saye, amma ba sa shan maiƙo haka, zafinsu ya fi rarrabuwa daidai, kuma suna shekaru. In kusan kowane mako kake kunna murhun, gaskiya ni tangaran zan ce ka saya ka huta. In jefi-jefi ne, buhu ɗaya zai kai ka canji biyu uku.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ɗaga ragar ka leƙa. Tun da kamfanin Weber, masu ƙera murhun gashi, suka fito da murhunsu mai suna Genesis a 1985 da sandunan ƙarfe masu rufe kan wuta maimakon dutse, yawancin murhunan yanzu haka ake ƙera su, ba su da raga ta biyu a ƙasa da dutse zai zauna. In naka yana da ita kuma tsatsa ba ta cinye ta ba, bismillah. In ta ruɓe sai ka sa kuɗinta a lissafi, don ba a ɗora dutse kai tsaye a kan bututun wuta.